Kwalta, ƙarfe da kyandir: yadda manoman Norwe suke tsare gida daga mahayan dare

A ƙauyukan Telemark da Setesdal da ke kudancin Norwe, aikin ƙarshe na maigida kafin duhun jajibirin Kirsimeti ya rufa shi ne zagayen ƙofofi. Zai ɗauki 'yar tukunyar kwaltar icce da ya ɗumama a bakin murhu, ya bi ɗakin zama, ya bi bargar doki da ɗakin shanu da rumbu da ɗakin dahuwa, kowace ƙofa ya zana mata baƙin gicciye. Abin da yake gudu yana da suna, Oskoreia, ayarin mahaya da mutanen wurin suka yi imani suna keta sararin sama a dararen tsakiyar hunturu. An ci gaba da wannan zagaye har cikin ƙarni na 19, kuma a jikin wasu tsofaffin ƙofofin katako da suka rage ana iya ganin gicciye bisa gicciye, na bana a kan na bara.

Yawancin waɗanda suka san wannan ayari a yau daga zane suka san shi. A 1872 Peter Nicolai Arbo ya zana shi a wani ƙaton allo da ke Gidan Tarihi na Ƙasa a Oslo: gungun mayaƙa a cikin gajimare, hankaki na biye da su, Thor gunkin tsawa ya ɗaga gudumarsa sama da kowa. Zanen ya yi kyau, amma a ganina ya kawar da hankalin mutane daga inda maganar take. Masu ilimin ƙarni na 19 gumakan kakanninsu suke nema a cikin kowace almara, shi ya sa suka fi son kiran ayarin Åsgårdsreia, suna jingina shi ga Åsgård, mazaunin gumakan. Manomin da ke riƙe da tukunyar kwalta ba Thor ne a ransa ba. Dokinsa yake tunani, da gangar giyarsa, da ɗansa da bai dawo daga maƙwabta ba.

Andreas Faye, wani limamin coci da ya tattara almarun Norwe ya buga su a 1833, ya rubuta yadda talakawa ke siffanta mahayan. Matattu ne waɗanda alherinsu bai kai su aljanna ba, sharrinsu kuma bai kai su wuta ba: mashaya, mafaɗata, 'yan damfara, masu waƙar zambo. Hukuncinsu shi ne su yi ta hawa har tashin duniya. Dawakansu baƙaƙe ne wuluk, idanunsu na ci cikin duhu, ana sarrafa su da ƙarfen da ya yi ja don zafi. Ruwa da tudu duk ɗaya ne a wurinsu, kuma tun daga nesa ake jin ihu da ƙarar ƙarafa. A ruwayoyin kudu mace ce a gaba, Guro Rysserova, wadda ake gane ta da jelar doki idan ta ba da baya, tana kan dokinta Skokse. Tare da ita akwai Sigurd Svein, jarumin tsofaffin waƙoƙi, sai dai a nan ya tsufa tukuf, har sai an ɗaga masa fatar ido kafin ya iya gani. Wannan siffa ta Sigurd ta fi duk mayaƙan Arbo ban tsoro.

Ɓarnarsu sananniya ce, kuma a kanta aka gina dukkan kariyar. Suna kwance dawaki daga barga su hau su har asuba. Suna shanye giyar biki. Suna sure mutumin da suka tarar a waje su yar da shi a wani kwari mai nisa, ko a raye ko a mace. Inda suka jefa sirdi a kan rufin ɗaki, mutuwa za ta shiga gidan. Inda kuma ake shagali ana sha, sukan zauna shiru a saman ƙofa muddin ana zaman lafiya. Da an kai naushin farko ko an zare wuƙa, sai su fashe da dariya suna kaɗa ƙarafansu.

Sai an san yanayin wurin kafin a gane nauyin wannan. A Oslo, a ƙarshen Disamba, awa shida kacal rana ke yi a sama. A kwaruruka masu zurfi abin ya fi haka tsanani: garin Rjukan da ke Telemark yakan yi kusan wata shida hasken rana bai sauko cikinsa kai tsaye ba, har sai da aka kafa manyan madubai a kan dutse a 2013. Gidan noma kuma ba gini ɗaya ba ne. Ɗakuna ne na gungumen icce kewaye da fili, kowanne da aikinsa, masu wuta a ciki irin su maƙera da ɗakin dahuwa an nisanta su saboda gobara. Duk wanda zai ba shanu ci ko ya ɗebo gari a rumbu dole ya ratsa duhu. A Setesdal an daɗe ana zama a ɗakin da ba shi da taga, murhu a tsakiyar daɓe, hayaƙi na fita ta wata kafa a rufi da suke kira ljore. Wannan kafa ma ƙofa ce a lissafinsu, kuma ta nan ake cewa Lussi ke leƙowa.

Da Lussi kwanakin haɗari ke farawa, daren 12 ga Disamba wayewar 13. Suna kiransa dogon daren Lussi, kuma akwai lissafi a ciki. Tsohuwar kalandar Juliyas tana zamewa daga tafiyar rana da kwana ɗaya a kowace shekara 128, don haka a ƙarni na 14 daren da ya fi kowanne tsawo ya faɗo wajen 13 ga Disamba. Danmak da Norwe sun koma sabuwar kalanda a 1700, Suwidin a 1753, dare mafi tsawo ya koma 21 ko 22 ga wata, amma sunan da tsoron suka tsaya inda suke. A coci ranar ta Lusiya ce, waliyyiyar Sisili da aka kashe wajen shekara ta 304. Lussi ta ƙauyukan yammaci da kudancin Norwe kuwa ba ta da komai na waliyyai: masifaffiyar mace ce mai nata ayarin, aikinta duba aikin gida. Ana so kafin darenta a gama sussuka da kaɗi, shirin biki ya kankama. Gidan da ya makara sai ta zazzage masa faɗa ta kafar hayaƙi, yaron da ba ya ji kuma ta nan ake cewa za ta zaro shi. A wannan dare ana ƙara wa dabbobi abinci, don an ce bakinsu na buɗewa su tattauna yadda ake riƙonsu. Mutane da yawa ba sa runtsawa, a zauna a gaban wuta har gari ya waye.

Idan aka duba abin da Lussi ke tambaya, jadawalin aiki ne mai hankali. Yanka sai sanyi ya kama, don nama ya ajiyu, kuma kafin dabbar da ba za a riƙe ba ta cinye ciyawar da aka tara wa sauran. Kyandir sai bayan yanka, don da kitse ake yinsa. A Suwidin ranar 9 ga Disamba, ranar Anna, ake jiƙa busasshen kifi, saboda yana bukatar wajen mako biyu tsakanin ruwa da ruwan toka kafin ya ciwu. Ranar 21, ranar Toma, giya ta shiga ganga. Duk waɗannan ranaku an sassaƙa su a jikin primstav, sandar kalanda ta icce da ake ratayewa a bango, kowace rana da alamarta, ta Kirsimeti sau da yawa ƙahon shan giya ce. Wanda ya zame da mako guda a wannan jeri zai shiga biki da tebur rabi.

Giya a nan doka ce tun kafin ta zama nishaɗi. Snorri Sturluson, marubucin Aislan na ƙarni na 13, ya ruwaito cewa Sarki Håkon Nagari, a ƙarni na 10, ya matsar da tsohon bikin jól ya haɗa shi da Kirsimeti, ya kuma wajabta wa kowane magidanci dafa giyar awo guda na tsiro ko ya biya tara. Dokar Gulating ta yammacin Norwe ta fi haka tsauri: miji da mata su dafa, su keɓe ta a daren mai tsarki da sunan Almasihu da Maryamu don neman shekara mai albarka da zaman lafiya. Wanda ya ƙi, tara ga bishop, babban limamin coci. Wanda ya ƙi shekara uku a jere, a raba dukiyarsa tsakanin sarki da bishop. Ga shi sha'ir da ƙyar yake nuna a gonakin kan tudu, don haka kowace ganga hatsi ne da aka cire daga bakin iyali. Ana dafa tsiron da ruwan da aka tafasa rassan wani icce mai ƙamshi a ciki, einer, a zuba yis na gado, kveik, wanda ake busarwa a jikin zoben icce daga wannan dahuwa zuwa waccan. Lokacin zuba shi ruwan yana da ɗumi, kuma a wurare da dama mai dahuwa yakan kurma ihu a bakin tukunya don giyar ta yi ƙarfi, miyagun abubuwa su tsere. Abin da ke ɓata ta a zahiri sananne ne: kwandon icce da ba a ƙona da tafasasshen ruwa ba yana sa ta tsami, yis da ya mutu ba ya tashi, gangar da katakonta ya bushe tana yoyo. Amma kariyar da ake yi mata ita ce gicciyen kwalta a jikin ganga da wuƙa a bisa murfi. Gangar da aka manta, in ji almara, da safe za a tarar da ita wayam, ko cike da ruwa. A riƙe wannan ta biyun, don yoyo ba ya cika ganga da ruwa. Sai hannu.

Kwaltar kanta ba irin ta titi ba ce. Daga kututturen wani icce mai ƙaro da suke kira furu ake samunta, wanda aka sare aka bar gindin a ƙasa shekaru har ɓawon waje ya ruɓe, zuciyar mai ƙaro ta rage. A tono shi, a faskara ƙanana, a busar. Sannan a haƙa rami mai siffar mazurari a gefen tudu, a jera faskaren kowanne bakinsa na kallon ƙasa wajen ramin tsakiya, a lulluɓe da gansakuka da ciyawa da ƙasa, a kunna wuta ta gefe. Daga nan aikin na tsaro ne dare da rana, a buɗe kafa nan a toshe can. Iska ta yi yawa, wuta ta tashi ta lashe kwaltar tun a cikin icce; ta yi kaɗan, tulin ya mutu. Idan an daidaita, zafi ke tatso ƙaron ya gangara ta bututun icce zuwa ganga, na farko mai haske da kyau, na ƙarshe baƙi mai kauri. Da ita ake shafe jiragen ruwa da tsofaffin cocin katako irin na Heddal a Telemark, don haka kowane gida yana da ita. A sanyin Disamba takan daskare, dole a ɗumama ta kafin ta shafu, kuma a hankali, don tana kama wuta. Ƙa'idar zagayen ɗaya ce, kada a tsallake ƙofa. Almarun da ake bayarwa galibi a kan wanda ya manta ne.

Bayan kwalta sai ƙarfe, kuma wanda ake nufi shi ne mai kaifi, wanda ya sha wuta a maƙera: gatari, wuƙa, lauje. A soke shi a saman ƙofar barga, ko a ajiye a dokin ƙofa, wasu kuma su rataya a kan dokin kansa. Barga ce ta fi samun kulawa, kuma da dalili. Ƙaramin gida doki ɗaya gare shi, kuma hunturu ne lokacin aikinsa mafi nauyi, don a kan ƙanƙara ake jawo itace da gungume da ciyawar da aka tara a rumbunan daji tun rani. Alamar cewa Oskoreia ta hau doki ita ce a same shi da safe sharkaf da gumi, yana rawar jiki, ba ya iya ɗaga kai. Duk wanda ya san doki ya san haɗarin gumin da ya huce a jikinsa cikin irin wannan sanyi ba tare da an goge shi an rufa masa bargo ba: mura ce, daga nan ciwon huhu. Ciwon ciki ma yana sa doki gumi da dare. Ko ma mene ne sanadin, gidan da dokinsa ya kwanta a Janairu ya shiga uku har bazara.

Ranar jajibiri aiki na tsayawa tun da sauran haske. Kowa ya yi wanka ya sa wankakkiyar riga, a ɗaure damin hatsi a kan sanda don tsuntsaye, a wasu wurare a harba bindiga sama don korar abin da ke yawo. Har yau da ƙarfe biyar na yamma ake kaɗa ƙararrawar coci a Norwe don shigar biki. Daga nan duk abin da ke juyawa ya huta, mazari da dutsen niƙa da keken kaɗi. Ana kai wa nisse, ɗan tsohon da ke tsaron gida, akushin fate da man shanu a rumbu, kuma man a sama ake sa shi inda zai gani. Akwai sanannen labarin wadda ta sa man a ƙasa, nisse ya fusata ya kashe saniyar da ta fi kyau, ya dawo ya ƙarasa cin faten, sai ga man a gindin akushi.

A cikin ɗaki kuwa ana shigo da karan hatsi a shimfiɗe a daɓe, maigida da uwargida da yara da barori duk su kwana a kai wuri ɗaya. Gadaje a bar su fayau, tebur a bar shi da abinci da giya, don a wannan dare ana sa ran matattun gidan za su dawo, kuma baƙon da ya tarar da tebur a shirye ba ya ɓarna. Wannan shi ne ɓangaren al'adar da ya fi taɓa ni, don hannu ɗaya ne ya zana gicciye a ƙofa ya kuma jera abinci a tebur. Ana korar matattu ana kuma karɓar su a dare guda, kuma ba wanda ya ga karo a tsakani. Babban kyandir yana ci har wayewar gari, a wasu gidaje guda biyu, na miji da na mata. Idan ya mutu da kansa, an ce wani a gidan ba zai ga baɗi ba. Kyandir na kitse kuwa ba ya ci shi kaɗai: lagwaninsa na tsawo ya lanƙwashe, kitsen ya zube gefe guda, sai an riƙa datse shi a kai a kai. Saboda haka dole wani ya zauna gadi, kuma a ɗakin katako mai cike da busasshen kara da mutane na barci, wannan mai gadin shi ne tsakanin iyali da gobara. Guntun da ya rage ba a yar da shi. Da shi ake babbaka gicciye a gashin shanu, ana kuma ajiye shi don shafa wa ciwo.

Wanda dare ya riska a hanya ya ji ƙarar na tahowa, abin da aka koya masa shi ne ya faɗi rub da ciki, ya baza hannuwa jikinsa ya zama gicciye, kada ya ɗaga kai. Za su wuce ta kansa, wataƙila su tofa masa yawu, shi ma in sun wuce ya tofar, in ba haka ba wani abu ya same shi. Wanda aka riga aka sura, in ya ambaci sunan Yesu sai su sake shi, ya faɗo duk inda suka kai. A Småland ta Suwidin shawarar ta fi haka filla-filla: mai zuwa coci a kwanakin biki ya riƙe guntun burodi da guntun ƙarfe a aljihu. In mahayin ya fara gani, ya jefa ƙarfen gabansa. In karnukan ne, ya jefa musu burodin.

Yanzu ga maganar hannun da ya cika ganga da ruwa. A wancan zamani, a kwanakin da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara samari na yawon julebukk, wato bunsurun Kirsimeti. Su juya rigar fata gashi a waje, su shafe fuska da baƙin tukunya, ɗaya ya ɗauki kan bunsuru na icce mai muƙamuƙin da ke buɗewa yana rufewa, su sauya murya, su bi gida gida a ba su ci da sha. Mai karatu zai tuna da tashe, sai dai waɗannan manya ne, cikin dare suke tafe, a buge, kuma marowaci yana iya wayar gari ya ga an yi masa aika-aika a tsakar gida. A 1934 wani masani ɗan Ostiriya, Otto Höfler, ya yi da'awar cewa almarun mahaya gaba ɗaya daga ƙungiyoyin maza masu rufe fuska suka samo asali. Alaƙarsa da 'yan Nazi ta sa ake taka-tsantsan da aikinsa, amma Christine Eike ta sake duba ruwayoyin Norwe a 1980 ta nuna yadda ɓarnar Oskoreia ke kama da ta samarin. Wannan bayani ya warware maganar doki mai gumi da ganga mai ruwa sarai. Abin da bai warware ba shi ne su wane ne mahayan. Tun a ƙarni na 12 wani ɗan zuhudu, Orderic Vitalis, ya rubuta labarin limamin da ya gamu da ayarin matattu masu shan azaba a Normandi ta Faransa a daren 1 ga Janairu 1091. Tunanin matattun da ke tsakanin aljanna da wuta na Kiristancin wancan zamani ne. Norwe ta bar ɗarikar Katolika a 1537, cocin Luther ya soke koyarwar wurin tsarkake rayuka bayan mutuwa, amma mutanen ƙauye sun ci gaba da binne maƙwabtan da ba su cika nagari ba, ba su kuma cika mugaye ba, kuma dole su ajiye su wani wuri a tunaninsu. Ni a nan nake ganin ƙarfin almarar ya fito, fiye da wajen Odin, babban gunkin kakanninsu.

Odin yana nan, amma a Suwidin ya fi bayyana, kuma da wata siffa dabam. A Småland da maƙwabtanta suna cewa farautar Odin: mafarauci ɗaya da karnuka biyu, ɗaya mai babban haushi ɗaya mai siririn haushi, yana bin aljanar daji mai dogon gashi. An fi jin sa a kan ganin sa, kuma ba a tsakiyar hunturu kaɗai ba, har da kaka da bazara, lokacin da garken dinyoyin daji ke wucewa da dare suna kuka mai kama da haushi daga nesa. A Danmak sarki ne na gaske aka ɗora a sirdin, Valdemar Atterdag, wanda ya rasu a fadar Gurre a 1375. An ce ya furta cewa Allah ya riƙe aljannarsa muddin za a bar masa Gurre, shi ya sa yake sukuwa kowane dare a dazukan tsibirin Sjælland. Kariyar Danmak kishiyar ta Norwe ce: gidan da ke kan hanyarsa ƙofofin shinge yake buɗe masa ya wuce, don in ya tarar da su a rufe ɓalle su zai yi. Wanda kuma ya kwaikwayi kiran mafarauta don wasa, sai a jefo masa rabonsa na farautar, cinyar doki ko abin da ya fi ta muni. Saboda haka kuskure ne a haɗa waɗannan duka a kira su abu ɗaya, kamar yadda aka saba tun da Jacob Grimm, masanin almara na Jamus, ya yaɗa musu suna guda a 1835. Ayarin matattu masu neman giya daban, mafarauci da karnukansa daban.

Akwai kuma masu fita da gangan. A Småland ana kiran abin årsgång, tafiyar shekara, kuma mai yinta yana neman ganin abin da baɗi za ta kawo. Tun da rana zai kulle kansa a ɗaki mai duhu, ba ci, ba sha, ba magana, ba ganin wuta. Tsakar dare ya fita shi kaɗai zuwa coci, ya zagaya ta, ya leƙa ko ya hura kafar makulli. A hanya zai ga jana'izar waɗanda za su mutu, ya ji ƙarar lauje in damina za ta yi kyau. Sharuɗɗan su ne kada ya yi dariya, kada ya tanka wa kowa, kada ya waiwaya, kuma akwai Gloson, gursunar maƙabarta mai idanun wuta da gadon baya kamar zarto, da ke neman ratsawa tsakanin ƙafafunsa. Ana maimaita tafiyar shekara bayan shekara, kuma wasu ruwayoyin sun ce a ta bakwai zai gamu da mahayi riƙe da sandar rubutun asiri a baki. In ya iya fizge ta, ya zama masanin ɓoyayyun abubuwa. Hukumar coci ta ɗauki wannan a matsayin tsafi.

Ranar 26 ga Disamba, ranar Istifanas, dawaki ke fita da izini. A Suwidin samari na tashi tun kafin asuba su yi sukuwa zuwa maɓuɓɓuga, an fi son wadda ke gangarawa arewa, don dokin da ya fara shan ruwan an ce shi zai fi lafiya a shekarar. A Finlan ranar ta yawo ce da keken ƙanƙara. Dokin da ya yi kwanaki a tsaye yana cin hatsin biki dama yana bukatar motsa jiki, in ba haka ba ƙafafunsa su kumbura ko jijiyoyin bayansa su ɗaure ranar da aka koma aiki. Kwanakin haɗarin na ƙarewa ne 6 ga Janairu a wasu wurare, a wasu kuma 13, ranar Knut. A Norwe ana bin kusurwoyin ɗaki da tsintsiyar rassa ana bugawa don korar bikin waje; a Finlan nuuttipukki, masu shigar bunsuru na ƙarshe, ke zagayawa su karɓi ragowar abinci da gindin ganga. Karan da aka kwana a kai ana kai shi gona ko a ɗaura wa itatuwan marmari. A Suwidin akwai burodi guda, såkaka, da ke zama a kan tebur tun daren farko ba a taɓa shi. A binne shi cikin hatsin rumbu inda zai bushe bai yi fumfuna ba, sai ranar fara huɗa a fito da shi a raba tsakanin mai garma da dokinsa.